Kwana Huɗu a Gensan, Garin Bahagon Mindanao

Aiki ne ya kai ni Manila, babban birnin ƙasar Filifin, amma dambe ne ya sa na ƙara kwanaki bayan an tashi daga taron da na je. Tun ina ƙarami nake bin yayyena gidan damben gargajiya, da muka tasa kuma muka koma kwana a gidan kallo, muna jiran damben zamani na Amurka, wanda a agogonmu ba ya somawa sai gab da asuba. A irin wannan dare ne, cikin watan Maris na 2010, na fara kallon Manny Pacquiao da idon basira, ranar da ya kara da Joshua Clottey na ƙasar Gana a jihar Texas, a gaban mutum fiye da dubu 40. Dukanmu muna bayan Clottey saboda namu ne, ɗan unguwar Bukom ta birnin Akra, kuma ya fi abokin karawarsa tsawo da kaurin jiki. Sai ga shi ya dunƙule hannu biyu ya rufe fuska har turmi goma sha biyu suka ƙare, shi kuwa ɗan gajeren bahagon nan yana zagaya shi yana zuba masa naushi fiye da 1,200. Na fito ina jin haushi, amma tun daga ranar na ƙudurta cewa in Allah ya nufe ni da zuwa ƙasarsu, sai na ga garin da ya fito.

Kafin in bar Manila na shiga jirgin ƙasa zuwa unguwar Cubao, inda babban zauren Araneta yake. A nan ne Muhammad Ali da Joe Frazier suka yi dambensu na uku ranar 1 ga Oktoba, 1975, da hantsi, domin lokacin ya dace da masu kallo a Amurka, har sai da Eddie Futch, mai horar da Frazier, ya hana shi fitowa turmi na goma sha biyar. Kusa da zauren akwai katafaren kanti da aka raɗa wa sunan Ali, kuma har yanzu ana hada-hada a cikinsa. Abin da ban sani ba sai da na je shi ne, damben da ya fara cika wannan zaure na ɗan ƙasa ne: a watan Maris na 1960 Gabriel Elorde, wanda ake wa laƙabi da Flash, ya kashe Harold Gomes na Amurka a ciki, ya karɓi kambun duniya da ya riƙe shekara bakwai. Kafin Elorde ma an yi Francisco Guilledo, wanda duniya ta sani da Pancho Villa, da ya doke Jimmy Wilde a New York a 1923, ya zama ɗan Asiya na farko da ya ci kambun duniya, sannan ya rasu a 1925 yana da shekara 23 sakamakon ciwon haƙori da ya rikiɗe. Saboda haka Pacquiao bai faɗo daga sama ba. Ya tarar da gidan dambe a gine, da magabatansa da kaburburansu.

Daga Manila zuwa General Santos, a ƙarshen kudancin tsibirin Mindanao, tafiyar kusan awa biyu ce a jirgin sama. Mutanen garin ba su cika faɗin cikakken sunan ba, Gensan kawai suke cewa, tsofaffi kuma har yanzu sukan ce Dadiangas, sunan wurin kafin Janar Paulino Santos ya sauka a gaɓar da ayarin manoma 'yan ci-rani a 1939. Da jirgi ya sunkuyo, na hango dutsen Matutum a tsaye shi kaɗai, gonakin abarba na Polomolok sun shimfiɗu a gindinsa, can gaba kuma ga ruwan Sarangani. Garin shimfiɗaɗɗe ne, mai faɗin tituna da ƙura da zafin rana, kuma babura masu ƙafa uku sun cika ko'ina. Maganar abinci, wadda na taho ina tunaninta, ba ta zame mini matsala ba, domin akwai Musulmi da yawa a garin, 'yan ƙabilun Maguindanao da Maranao, kuma a bakin masallaci na sami pastil, wato shinkafa da yagaggen naman kaza a ƙunshe cikin ganyen ayaba. Ita na riƙa karyawa da ita har na bar garin.

Direban da na ɗauka na kwanakin, dattijo ne mai furfura da nake kira Manong kamar yadda ake kiran manya a can, ya ce kada in tambayi gidan Pacquiao tukuna, in fara zuwa tashar kifi. Mun isa Tambler tun rana ba ta fito ba. Ba a shiga sai da dogon wando da fararen takalman roba masu tsawo, waɗanda ake bayarwa haya a ƙofa. A ciki, kwalekwale masu fikafikan gora sun jeru a bakin ruwa, sun dawo daga tekun Celebes bayan makonni, ana fito da kifin tuna daga cikin ƙanƙara. Da fatsa ake kama waɗannan manyan, ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfin dantse. 'Yan dako, yawancinsu ƙananan mutane ne marasa kauri, kowa ya saɓa kifi guda a kafaɗa yana sassarfa da shi zuwa wurin awo, inda ake rataye shi a sikeli, mai awo ya ɗaga murya ya faɗi nauyinsa. Daga nan sai a shimfiɗe shi a kan tebur, wani gwani ya soka masa siririn bututun ƙarfe, ya zaro ɗan tsoka ya duba launinta, nan take ya yanke hukunci ko na jirgin Japan da Amurka ne, ko na kasuwar gida.

Na daɗe tsaye a gaban sikelin nan ina sauraro: kilo 52, kilo 61, kilo 47, kilo 70. A nan ne na gane dalilin da Manong ya fara kawo ni wurin, ko da yake bai faɗa ba. Ranar 22 ga Janairu, 1995, da Pacquiao ya shiga damben kuɗi karo na farko yana da shekara 16, nauyinsa bai kai kilo 45 ba, wato yawancin kifayen da ke rataye a gabana sun fi shi nauyi. Shi da kansa ya ba da labarin cewa sai da ya cusa ƙarafa a aljihu kafin ya hau sikeli, domin ya kai mafi ƙarancin nauyin da doka ta yarda a yi dambe da shi. Ga wanda ya tashi a gidan damben gargajiya, inda a da ba a auna kowa, ƙato da siriri duk fage ɗaya ne in dai zuciya ta yarda, wannan maganar awo takan yi kama da ƙa'idar banza. Amma a damben zamani sikeli shi ne alƙali na farko, kuma rayuwar Pacquiao gaba ɗaya ana iya karanta ta daga abin da allurar sikeli ta nuna shekara bayan shekara.

Ba a Gensan aka haife shi ba. An haifi Emmanuel Dapidran Pacquiao ranar 17 ga Disamba, 1978, a garin Kibawe na lardin Bukidnon, can cikin tsaunukan tsakiyar Mindanao, shi ne na huɗu cikin 'ya'ya shida. Iyayensa sun rabu yana aji shida na firamare, riƙon yaran ya koma hannun mahaifiyarsu Dionisia, wadda yanzu ƙasar duka ke kira Mommy D. Manong ya bi da ni ta unguwar Labangal, ya nuna mini makarantar firamare ta Saavedra Saway inda ya yi karatu, da irin lungunan da ya riƙa yawo yana tallar burodi. Gidajen katako da langa-langa suna nan har yau, ga yara ba takalmi suna wasan ƙwallon kwando a kan titi, domin ƙwallon kwando ce wasan da ya fi farin jini a ƙasar, ba dambe ba. Kawunsa, Sardo Mejia, shi ya fara koya masa dambe yana kimanin shekara 12, kuma a 1990 ne suka kalli yadda Buster Douglas ya kashe Mike Tyson a Tokyo, damben da Pacquiao ya sha faɗin cewa shi ya sauya masa tunani. A filin Oval Plaza da ke tsakiyar gari, inda na zauna da la'asar a ƙarƙashin bishiyoyi, nan ake kafa dandali yara su dambata, wanda ya yi nasara ya sami 'yan kuɗin da za su sayi shinkafa, wanda aka doke ma ya sami rabi. Yaron da ko an doke shi zai koma gida da abin awo ba shi da dalilin gudun fage.

Bai kammala sakandare ba ya hau jirgin ruwa zuwa Manila, yana ɗan shekara 14 ko 15. Tafiyar da na yi cikin awa biyu, shi kwanaki ya yi yana yin ta. A Manila ya yi leburanci a wuraren gini, ya kwana a ɗakin atisaye na unguwar Sampaloc, ya fara fitowa a wani shirin dambe na talabijin mai suna Blow by Blow. A lokacin ba shi da komai sai hagu da zafin nama, shiga kawai yake yi ba waiwaye, shi ya sa a watan Fabrairu na 1996 Rustico Torrecampo ya kashe shi a turmi na uku. A watan Disamba na 1998 ya tafi Tailan, Chatchai Sasakul yana gaba da shi a maki, sai ya same shi da hagu a turmi na takwas, ya dawo gida da kambun duniya na hukumar dambe ta WBC a ajin kilo 51 kafin ya cika shekara 20. Abin mamaki, ko shekara bai yi da kambun ba sikeli ya ƙwace shi. Jikin da a da ake cika masa ƙarfe ya fara samun abinci, ya fara girma, a watan Satumba na 1999 ya kasa saukowa nauyin ajinsa, aka karɓe kambun tun kafin a hau dandali, sannan Medgoen Singsurat ya ƙarasa shi da naushin ciki a turmi na uku. Daga nan ya tsallake zuwa ajin kilo 55.

A rana ta uku na je ɗakin atisayensa na cikin gari, wanda ya sa wa suna Pacman Wild Card, don tunawa da na Freddie Roach da ke Hollywood. Ɗakin na Hollywood ne ya shiga a 2001 yana neman mai horarwa, ya haɗu da Roach, wanda shi kuma almajirin Eddie Futch ne, mutumin nan da ya tsayar da Frazier a Araneta. Cikin makonni kaɗan aka sa shi maye gurbin wani ɗan dambe, da sanarwar mako biyu kacal, ya kara da Lehlohonolo Ledwaba na Afirka ta Kudu a Las Vegas, ya gama da shi a turmi na shida. Na tsaya ina duba hotunan da ke jikin bango, sai na lura cewa in ka bi su a jere, wuyansa da kafaɗunsa da sharaɓarsa ƙaruwa suke yi, abokan karawarsa kuma ƙara tsawo suke yi. Ga Marco Antonio Barrera a 2003, ga Juan Manuel Marquez da ya kayar sau uku a turmin farko a 2004 amma aka tashi kunnen doki, ga Erik Morales da ya doke shi a 2005, shi kuma Pacquiao ya rama sau biyu a 2006. Abin da Roach ya ƙara masa shi ne dama, da iya shiga ta gefe a fita ta wani gefen, har bahagon da ake jira ta hannu ɗaya ya koma ba a san ta inda zai ɓullo ba.

Shekaru biyu ne suka fi ɗaukar hankalina. A watan Disamba na 2008 ya hau ajin kilo 67 ya tari Oscar De La Hoya, damben da mutane da yawa suka ce ganganci ne, sai De La Hoya ya ƙi tasowa daga kujera bayan turmi na takwas. A watan Mayu na 2009 ya shimfiɗe Ricky Hatton na Ingila da hagu ɗaya a turmi na biyu, a watan Nuwamba ya tsayar da Miguel Cotto a turmi na ƙarshe. Ranar 13 ga Nuwamba, 2010, ya haɗu da Antonio Margarito, wanda a daren damben ya ɗara shi da kusan kilo 8 da tsawon kusan inci biyar. Ya fasa masa ƙashin ƙasan ido, har a turmi na goma sha ɗaya ya riƙa duban alƙalin wasa yana neman a tsayar. Da wannan nasarar ya zama mutum na farko, kuma har yanzu shi kaɗai, da ya ci kambun duniya a aji takwas daban-daban. Hoton da ban gani a bangon ba shi ne na Disamba 2012, daren da Marquez ya tare shi da dama a ƙarshen turmi na shida, ya faɗi rub da ciki bai motsa ba. Damben Floyd Mayweather na Mayu 2015 kuwa, wanda ya tara kuɗin da ba a taɓa gani ba, a ganina ya zo ne bayan lokacinsa ya wuce da shekara biyar, kuma Mayweather ya ci shi a maki ba tare da gardama ba, duk da maganar ciwon kafaɗa da ta biyo baya.

A Hausa kalmar nauyi ba ta tsaya ga abin da sikeli ke nunawa ba, kuma wannan ɗaya nauyin ne na gani a ranar da muka bi gaɓar ruwa zuwa lardin Sarangani. Hanya ce mai kyau, teku a gefe ɗaya, gonakin kwakwa a ɗaya gefen. Manong ya nuna mini jerin ƙananan gidaje iri ɗaya da Pacquiao ya gina da kuɗinsa ya raba wa marasa muhalli. Ya ce duk lokacin da yake gari, mutane kan yi layi a ƙofar gidansa tun da safe, wannan da takardar asibiti, wancan da kuɗin makaranta, wani da maganar jana'iza, kuma ba kasafai ake komawa hannu rabbana ba. Duk wanda na yi wa maganarsa a hanyar nan yana da labarin wani ɗan'uwa ko maƙwabci da ya taɓa amfana. Ba sa kiransa da cikakken suna, Manny kawai suke cewa, ko Sanata, jaridu kuma suna kiransa Pambansang Kamao, wato dunƙulen hannun ƙasa.

Siyasarsa ce ban iya yaba wa kamar yadda na yaba wa dambensa ba. Ya fara takarar majalisar wakilai a 2007 a mazaɓar da Gensan ke ciki, Darlene Antonino-Custodio ta kayar da shi, kuma ana cewa da yawa daga masu ƙaunarsa sun ƙi zaɓensa ne don kada siyasa ta raba shi da fage. A 2010 ya koma Sarangani, lardin matarsa Jinkee, ya doke Roy Chiongbian, ɗan gidan da ya daɗe yana riƙe da siyasar yankin. A 2016 ya zama sanata da ƙuri'a fiye da miliyan 16. Sai dai an sha sukarsa da rashin halartar zaman majalisa, wanda ba abin mamaki ba ne ga mai shafe watanni a sansanin horo, kuma ya goyi bayan yaƙin da Shugaba Rodrigo Duterte ya yi da miyagun ƙwayoyi, wanda ya ci rayukan dubban talakawa irin waɗanda ya tashi a cikinsu, kafin daga baya su ɓata. A 2022 ya nemi shugabancin ƙasa ya zo na uku, bayan Ferdinand Marcos ƙarami da Leni Robredo. A wannan zaɓen ne ƙanensa Rogelio ya zama gwamnan Sarangani, matar wani ƙanensa Bobby kuma, Lorelie, ta zama magajiyar garin Gensan. Mutumin da ya shiga siyasa ya kayar da gidan masu mulki, sai ga nasa gidan ya zama irinsa. Da na faɗa wa Manong haka, dariya kawai ya yi, ya ce gara wanda ake gani a ƙofar gidansa.

A hanyarmu ta dawowa ne ya kawo maganar Rolando Navarrete, ba tare da na tambaya ba. Shi ne zakaran Gensan kafin Pacquiao, bahago shi ma, wanda ake wa laƙabi da fitinannen yaron Dadiangas. A watan Agusta na 1981 ya kashe Cornelius Boza-Edwards, haifaffen Yuganda, a Italiya, ya ci kambun WBC, ya rasa shi a shekara ta gaba, daga baya ya yi zaman gidan yari a Hawaii, ya dawo gari dukiyar ta watse. Duk yaron da ke ɗaura safar dambe a garin nan ya san waɗannan sunaye biyu. Pacquiao ma ya taɓa bin hanyar caca da shaye-shaye, kafin wajen 2012 ya rungumi addininsa na Kirista da gaske, ya zama mai wa'azi. Ina jin wannan tsoron komawa baya, tare da yawan bakunan da ke ci daga hannunsa, suna cikin abin da ya hana shi ajiye safa. Yana da shekara 40 ya doke Keith Thurman a 2019. Ya yi ritaya a 2021 bayan Yordenis Ugas na Kuba ya doke shi, sannan a watan Yuli na 2025, wata guda bayan an shigar da sunansa zauren girmama manyan 'yan damben duniya, ya dawo yana da shekara 46 ya yi kunnen doki da Mario Barrios, wanda ya girme wa da shekara 16. Bayan wannan damben lissafinsa ya tsaya a nasara 62, rashin nasara 8, kunnen doki 3.

Ban gan shi ba, ba ya gari a makon da na je, kuma ban yi baƙin cikin haka ba. Da yammacin ranar ƙarshe na koma ɗakin atisayen don in sayi riga in kai wa babban yayana tsaraba. Na tarar da wani yaro da bai wuce shekara 15 ba ya gama tsallen igiya, gumi na zuba, ya cire riga ya hau sikelin da ke kusurwa. Mai horar da shi ya sunkuya ya duba, ya girgiza kai, ya ɗaga yatsu biyu. Na tambayi Manong ko kilo biyu zai rage, sai ya ce a'a, ƙarawa zai yi, dambensa saura mako uku. Mai horarwar ya zaro kuɗi daga aljihu ya miƙa wa yaron, ya nuna masa rumfar mai shinkafa da ke tsallaken titi.